Tambayar da Baba bai amsa ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya zafin Jidda? Mu nan Azuba kowa ƙalau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Binciken digirina na uku yana tafiya. Na gama hira da 'yan Nijar mazauna nan garin Lafiya kan shigarsu siyasar gari. Malamin da ke duba aikina ya ce saura 'ya'yansu da aka haifa a nan. Sai na tuna Baba, tunda mahaifinsa daga Maraɗi ya zo.

Ranar Asabar na same shi a shago, na kunna rikoda. Ya amsa komai, har da lokacin da ya so tsayawa takarar kansila aka ce ya kawo takardar shaidar asalin gari. Da na zo tambayar ƙarshe na ce, "Baba, kai ɗan ina ne?" Ya ce, "Kashe abin nan, Maryam." Na kashe. Ya ci gaba da auna wa wata mata gero.

Gurbin amsar yana nan ban cike ba.

Ka gaishe mini da kowa, a sa ni a addu'a. In za ka rubuto, ka faɗa mini abin da kake cewa idan an yi maka wannan tambayar a can.

Ƙanwarka,
Maryam