Na ce masa tokar, jikata ta daina wasa da ni

Hajiya Mardiya, don girman Allah ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina. Ni tsohuwa ce 'yar Damagaram, ina zaune a Montreuil wurin ɗana. Ki yi haƙuri da rubutun, lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba.

Sai na faro daga marigayi maigidana, Malam Illiassou, in ba haka ba ba za ki gane ba. Mutum ne mai son doki tun yana yaro. Da muka zo ƙasar nan, dokin da ya rage masa sai na jarida da na tele. Duk shekara in babban tseren Longchamp ya ƙarato, Lahadin farko ta Oktoba, sai ya baje jarida ya zaunar da ni kamar ɗaliba. Wannan dokin yana son ƙasa mai laushi, in an yi ruwa nasa ne. Waccan goɗiyar an rage mata nauyi don ƙuruciyarta. Wancan ya samu lamba ta can gefe, sai ya sha zagaye. Yakan sa ɗan abin da ya sa a cacar dokin, ba zan ɓoye ba, na yi faɗa har na gaji. Allah ya yafe masa.

Shi ya koya mini kalmomi biyu. Fabori shi ne dokin da kowa ya zuba a kansa, ko ya ci ba wata riba. Tokar kuwa shi ne wanda ba mai kallonsa, amma ranar da ya shigo gaba, wanda ya yarda da shi ya warke. Malam yakan ce shi ne tokar ɗina, don lokacin da na zaɓe shi manemana masu kanti ne da babur, shi kuwa dogon wuya kawai gare shi da riga ɗaya. Har ya rasu, in ina son ya yi dariya, da sunan nake kiransa.

To, ina da jika, Raihana, a bayana ta girma. Manema sun fito mata: ɗan wani Alhaji mai kwantena a Porte de la Chapelle, da wani mai karatun likita, sai Soumaïla, haifaffen Lyon. Shi rabon kaya yake yi da mota, jarrabawa ta kayar da shi, yana sakewa. Shi take so. Ni ma wallahi shi nake so, yaron ko takalmina ya gani a karkace sai ya gyara.

Iyayensa suka hawo jirgin ƙasa suka zo gaisuwa, ranar Asabar, washegari tsere. Aka ci aka sha, hira ta yi daɗi. Ni kuwa kin san kaka, angon jika ai angona ne. Sai na ce bari in yi musu lissafin dawakin gidan nan. Na ce ɗan Alhaji fabori ne, ƙiba ta yi masa yawa, ba zai kai ƙarshe ba. Likita yana da gudu amma ba ya son laka. Na nuna Soumaïla na ce ga tokar nan, kowa ya gan shi ya san tokar ne. Ina shirin in ƙarasa cewa a kansa na zuba duka, sai ubansa ya ajiye kofin shayi. Yaron ya tashi ya fita. Ko kilishin da na ƙulle musu ba su ɗauka ba.

Daga baya ɗana ya gaya mini cewa a bakin yaran nan kalmar zagi ce, ana faɗa wa wanda ba zai taɓa zama komai ba, kuma da ita aka riƙa jifan Soumaïla a lakwal. Ni ina zan sani? A bakin mutum ɗaya na taɓa jin ta.

Na buga wa uwarsa waya, ta ce babu komai, irin babu koman da ke cike da komai. Raihana ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Da can tsohuwa mai rigima take ce mini, ta sace mini goro. Yanzu durƙusawa take yi ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa kamar baƙuwa, ta tashi ta rufe ɗaki. Ran Lahadi na kunna tele kamar yadda na saba tun rasuwar Malam, har aka gama tseren ban ga doki ko ɗaya ba. Ɗana ya ce in bar maganar ta huce. Hajiya, in na bari ta huce, ba auren ne zai huce ba?

Kaka mai dogon baki, Montreuil

Iya, na karanta wasiƙarki na yi dariya, sannan na share hawaye. Niyyarki mai kyau ce. Kin ba yaron sunan da ya fi kowane daraja a wurinki, kuma wasan kaka da angon jika haƙƙinki ne.

Amma ki duba ta wajensu. Yaron da ya tashi a Lyon bai san wannan wasa ba, ya san kalmar ne kawai, kuma ta taɓa masa tsohon ciwo a gaban iyayensa. Akwai kuma abin da ba ki lura da shi ba: kin jera sauran manema a gaban mutanen da suka yi doguwar tafiya don neman 'yarku. Wannan ko da Hausa zalla aka yi shi, da zafi.

Ban goyi bayan ɗanki ba. Waya ma ba za ta yi ba. Ki sa ya sanar da su, ya raka ki Lyon da kanki. Ki fara ba iyayen haƙuri ba tare da wani bayani ba. In sun karɓa, ki nemi a kira Soumaïla, ki ba shi labarin Malam Illiassou kamar yadda kika ba ni, a samu mai fassara masa inda Hausarsa ta gaza. Ki ƙarasa masa maganar da aka katse miki. Kada ki tambayi zancen aure ranar, wannan nasu ne shi da Raihana, kuma mai yiwuwa ya ɗauki lokaci.

Ita kuwa Raihana, kada ki nemi shawo kanta da zolaya. Ki gaya mata a fili cewa kin yi kuskure kuma za ki je. Jikar da ta ga kakarta ta ɗauki sanda ta hau jirgi saboda ita ba za ta daɗe tana yi mata gaisuwar baƙi ba.

Ki yanki tikiti cikin makon nan, Iya. Allah ya ji ƙan Malam, ya sanyaya zukatan yaran nan, ya sa ki ga bikinsu da idonki.

Hajiya Mardiya