Na Gyara Fuskar Ƙanwata a Fosta

Anti, ki taimake ni, na yi ɓarna da hannuna, na rasa ta inda zan kama.

Ina da shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'a. Na daɗe a sana'ar nan, na san abin da ido ke saye. Mai ƙuraje ta kawo hoto in share mata, wani ya ce in ɗan haska shi, kowa ya tafi yana godiya. Autarmu zabiya ce. Ni na riƙe ta tun rasuwar babanmu, na sha dambe a kanta a layinmu. Bana ta fito takarar shugabancin ɗalibai. Tana so a ware wa masu raunin gani kujerun gaba, a buga musu jarrabawa da manyan baƙaƙe, a yi wa masu keken guragu hanyar shiga laburare.

Ta turo min hotonta in buga fosta. Na ce a raina, ɗaliban nan na san halinsu. Sai na duhunta fatar, na baƙanta gira, na daidaita idon, na manna tun daga ƙofa har ɗakunan kwana, wai in ba ta mamaki.

Ta zo shago, ta kara fostar dab da hancinta yadda take karatu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaye ni ko haka na so a haife ta. Tun ranar kujerar da ta saba zama a bayan injin buga takardu babu kowa. In mun haɗu "mai shago" take ce min, ta daina ce min Yaya. Saura kwana biyar zaɓe, kuma abin haushin, fostar na karɓuwa. In cire ko in bari?

Mai shago

Mai shago, na yarda ƙauna ce ta sa ka, kuma ba ka yi ƙarya a kan idon mutane ba. Amma kwastomominka su suka nemi gyara, ita ba ta nema ba. Yarinyar da ke roƙon jami'a ta karɓi kowa yadda yake, sai ga gidansu ne ya fara ƙin karɓarta.

Rufe shagon gobe da safe, ka bi bango ka ɓare fostocin da hannunka kowa na gani. Ka same ta ka ba ta haƙuri, kada kalmar "amma" ta fito bakinka. Kada ka buga komai sai hoton da ta zaɓa. Tana iya faɗuwa zaɓe, ka shirya wa hakan. Badi akwai wani. Kada kuma ka matsa mata ta ce Yaya, ka dai riƙa goge kujerar nan kullum.

Allah ya daidaita ku, ya ba ta nasara da fuskarta.