Shan Magani Irin na Tela

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikokina. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san daga aji huɗu na tsere.

Bari in faɗa miki kafin mahaifiyarki ta ƙara gishiri. Maganin ciwon sukarin nan, shan tela nake yi masa. Kin san halinmu: yadi ya yi wata a shago, sai mai shi ya kusa zuwa mu hau keken ɗinki. To sai saura kwana biyu ganin likita nake dagewa da sha, sukari ya sauka, a yaba min.

Jiya asiri ya tonu. Likita ta yi wani gwaji mai tono wata uku baya, kamar mai juya riga ta duba ɗinkin ciki. Ta kalli gyambon babban yatsan ƙafata, wanda nake taka keke da shi, ta ce in bai warke ba nan da wata biyu, yankewa za a yi. Shekara arba'in ina yanka, yau ni ne yadin. Na yi dariya a gabanta. A hanya ban yi ba.

Ta tura min bidiyoyin koyarwa a waya. Ki sa ni a addu'a.

Babanki,
Tela Sai Gobe

Uwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, albishirinki.

A bidiyon akwai wani tsoho da ya fi ni sanƙo. Ya nuna da zane yadda sukari ke cin ƙananan jijiyoyi kullum, ba ya jiran ranar asibiti. Ban taɓa ganin ɓarnar da idona ba sai ranar. Ya ce a ajiye magani jikin abin da hannu ba ya mantawa. Na ɗaure kwalbar da zare a kunnen almakashina. Ba na yanka da safe, ba na ratayewa da yamma, sai na haɗiya. Ranar da na yi nauyin jiki, mahaifiyarki ta kunna bidiyon, ta ƙure muryar tsohon har maƙwabta suka ji.

Yanzu wanzami da mai gyaran takalmi, su ma masu sukari, a shagona suke kallo, ni ɗan aji huɗu ina ƙarin bayani.

Yau likita ta kwance bandeji, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, tafi da yatsanka."

Da shi na taka keke na gama rigar autarki da na yi alkawari bara. In ta yi mata kaɗan, laifin girmanta ne.

Ki gaida kowa.

Babanki,
Mai yatsu cif-cif