Tsuntsu na Bakwai

Chattogram, 3 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Tahsina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da hayaƙin Dhaka. Mu nan lafiya lau, sai dai teburin cin abinci da Ummanki ta ƙwace mako uku ke nan. A cinya nake cin shinkafata da busasshen kifi.

Hoton tsuntsayen teku bakwai take bugawa, waɗanda ta gani a gaɓar Patenga. Kin san tsarinta, allon roba ɗaya tak. Ta sassaƙa, ta shafa tawada, ta murje takarda da bayan cokali, sannan ta sake sassaƙe allon nan don launi na gaba. Abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa. Takarda ashirin sun sha shuɗi da ruwan toka, saura baƙi.

Maganar likita kuwa, na yi mata kamar yadda kika roƙa. Ta ce, "Malam, hannuna ba ya rawa, tabaranka ne ke rawa." Kofin shayinta dai kullum sai ya kaɗa wa faranti ƙararrawa.

Ki gaida surukina.

Abbanki,
Mahbubul

11 ga Janairu

Tahsina,

Ina gaisuwa. Yaya murar taki?

Ranar Litinin wuƙa ta kufce mata, ta ɗebe fiffiken tsuntsu na bakwai. Shekara talatin tana wannan aiki, ban taɓa ganin haka ba. Da yake ni mai karatu ne da rubuta waƙa, na kawo shawarar gam. Ta ce, "Je ka liƙe waƙoƙinka, su ne ke wargajewa."

Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta kankare tsuntsun gaba ɗaya. Yanzu a kowace takarda shida baƙaƙe ne, na bakwai ya tsaya a ruwan tokarsa, kamar ya yi wa sauran nisa. Na ce 'yan kallo za su rantse da gangan ta yi.

Ta ce, "Su rantse. Ni ai na sani." Ta wanke cokalinta, ta tambaye ni ranar da likitan da kika ce yake zama.

Alhamis za mu. Teburi ya dawo hannuna, amma har yau a cinya nake ci.

Ki kira ta, kada ki ce na faɗa miki.

Abbanki,
Mahbubul