Ruwan Pompo da Gonar Yaya Habu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma duk wanda na kai wa maganar nan sai ya ɗauki ɓangare, ni kuwa ba alƙali nake nema ba.

Inna, ruwa ya zo garinmu. Babban shato, wato tankin ruwa, aka kafa a bakin hanyar Durum, da kawunan pompo huɗu. Kamfanin masu fasa dutse, wanda nake wa aikin sakatariya a Damagaram, shi ya yi aikin. Da na ji labari, ke na fara tunawa, yadda kike sammako zuwa rijiyar kwari, sai hantsi ki dawo da tulu ɗaya na jan ruwa. Gammo ya cinye gashin tsakiyar kanki, kina rufewa da kallabi kada mu gani.

Har kuka na yi a biro, wurin aikina, don murna. Na ɗauka tausayi ne ya kama mai kamfanin. Daga baya takardu suka biyo ta hannuna don in buga, a nan na gane da hannun gwamnati a ciki. Kamfanin da ke cin arzikin ƙasar mutane, doka ta ce ya nuna abin da ya yi musu kafin a sabunta masa izini, kuma akan sassauta masa lampo, wato haraji, in ya yi.

Kin sha gaya mini alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. To, wanda aka yi shi da sanda a baya, da tukuici a gaba, shi ma sunansa alheri?

Ga kuma Yaya Habu. Rabin gonarki ta gyaɗa da ya gada ya zama hanyar kamiyo, manyan motocin kamfanin. An ba shi diyya, ya karɓa, amma da damina ta faɗi ruwa ya biyo hanyar ya zaizaye sauran. Ya rantse ruwan shaton ba zai ratsa maƙogwaronsa ba. Matarsa Zuwaira kuwa ita ce ta farko a layi, don ciki ya tsufa, ba ta iya gangara kwari. Randa biyu aka kafa a gidan. Shi da kansa yake zuwa rijiya da jakinsa.

Ranar bikin buɗewa, shugabana ya ce ni zan yi godiya da yawun gari, tunda ni 'yar gari ce. Na tashi, na hango Yaya tsaye can gindin gawo, hannu a baya. Na ce mun gode. Ban yi ƙarya ba, Inna, ƙawayenki tsofaffi sai guɗa suke yi. Amma tun ranar bai sake ɗaga wayata ba.

Wani lokaci in ce gara da dokar, don tausayin mutum yakan ƙare, ita kuwa tana nan ko an sake shugaba. Wani lokaci in ce ba ta koya musu komai ba sai yadda za su rufe mana baki. Ban san wa zan gode wa ba, ban san wa zan yi fushi da shi ba.

Shekaranjiya Zuwaira ta sauka, mace, kuma sunanki za a sa mata. Da ruwan pompo aka yi mata wankan farko. An ce Yaya ne ya ɗebo, jarka biyu. Har yanzu bai sha ba. Zan je suna, Innata, amma ban san da wace fuska zan durƙusa in gaishe shi ba, ta ƙanwa ko ta 'yar kamfani.

Allah Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, Ya raya takwararki, Ya sanyaya zuciyar ɗanki a kaina.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza