Sifana lamba goma

Litinin, 3 ga Maris

An kawo mana sababbin kanikawa, wai an horar da su. Mako shida! Ni sai da na shekara ina wanke fukafukan jirgin sama kafin a yarda in taɓa inji. Akwai mai gyaran babur, akwai mai faci, akwai wani magidanci har da furfura wanda duk rayuwarsa janareto yake gyarawa. Hannunsa na da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma duk ƙarfen da ya gama da shi, nan inda yake tsugune zai ajiye.

Na kai su gaban allon kayan aiki, na nuna musu yadda aka zana siffar kowane ƙarfe, da jan fentin da muke shafa wa namu a gindi. Na ce in aka tashi aiki aka ga zane babu ƙarfe, jirgi ba ya tashi sai an gano shi. Mai Janareto ya ce, "Ranka ya daɗe, a kan sifana ɗaya?" Na ce masa janareto in ya mutu duhu kawai za a yi.

Gwiwar nan ta dame ni yau.

Laraba, 5 ga Maris

Jirgin ɗaukar kaya ɗaya ya rage mana, muna ce mata Gwaggo. 'Yar'uwarta na can ƙarshen rumfa, mun cinye ta ƙusa-ƙusa don wannan ta rayu, yanzu tantabaru ke kwana a cikinta. Kayan gyaran da muka nema tun bara har yau "suna hanya". Wace irin hanya ce wannan, oho.

Mijin 'yata ke tuƙa Gwaggo. A gida yakan durƙusa ya gaishe ni, a nan ni nake ƙame masa. Mu biyun duk kunya muke ji, sai mu riƙa kallon taya muna magana.

Alhamis, 6 ga Maris

Mun ɗaga daɓen Gwaggo mun canza wayoyin ƙarfen da ke juya wutsiya. Aiki ya yi kyau, muka rufe. Da la'asar na je allo.

Babu sifana lamba goma.

Juma'a, 7 ga Maris

Mun sake ɗage daɓen gaba ɗaya. Tocila, madubi, maganaɗisu ɗaure a sanda. Mun zazzage aljihuna, mun juye kwandon tsummoki, har kwata na sa an tona. Mai Janareto ne ya riƙe ta ƙarshe. Ya ce yana tuna ya ajiye ta "a gefe". Gefen me? Sai murza hula yake. Na zazzaga masa masifa har muryata ta dishe, sai daga baya na tuna ya kusa sa'ana. Ba laifinsa ba ne, laifin wanda ya ce mako shida ya isa ne.

Cikin jirgin nan akwai lungunan da hannu ba ya kaiwa sai an kwance rabin jiki, aikin wata guda. In tana can, tana iya kwanciya shekara goma ba ta motsa ba. Tana kuma iya gangarowa gobe ta maƙale a waya, matuƙi ya ja sandar tuƙi ta ƙi zuwa.

Kwamanda ya zo da kansa. Sansanin sojojinmu da ke hayin kogi an datse musu hanya, akwai masu rauni, likitansu ba shi da ko bandeji. Ya ce, "Saja, ana ga yaƙi kana ga ƙura." Na ce yallaɓai, ka ba da umarni a tashi, ikonka ne, amma ba da bakina ba. Bai bayar ba. Shi ma so yake wani ya ɗauke masa nauyin.

Asabar, 8 ga Maris

Ba mu gani ba.

'Yata ta kira. Ta ji labari, matan bariki ba sa barin magana ta kwana. Ta ce, "Baba, don Allah kada ka bari su matsa maka. Ni dai in kana wurin hankalina kwance yake." Na ce to. Me zan ce?

Mai rediyo ya tare ni a bakin famfo, ba tambayarsa na yi ba. Biyu daga cikin na hayin kogi sun cika da safe. Ya faɗa, ya tsaya yana kallona kamar ni na harbe su. Gaba kura, baya sayaki. Abincin rana na nan a kwano, ƙudaje sun samu.

Mai Janareto ya ce in sa a kulle shi. Na ce kulle ka zai fito da sifana? Koma ka ci gaba da nema.

Lahadi, 9 ga Maris

Da hantsi mijin 'yata ya shigo rumfa, ya zo har inda nake, ya rage tsawo kamar a gida. Ya miƙo mini sifana da hannu biyu. "Baba, an gani. A bayan tayar mataccen jirgin can."

Lamba goma ce. Da jan fenti a gindi.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tamu bakinta ya ɗan buɗe, ni na san yadda take zamewa a kan noti. Wannan ko ƙwarzane babu. Fentin ma bai gama bushewa ba, ya kama mini yatsa. Na dubi babban yatsansa, shi ma ja. Daga kasuwa take, shi ya saya, shi ya shafa.

Ya ga na gani. Bai ɗago kai ba. Ya ce a hankali, "Akwai waɗanda muka yi makaranta tare a can, Baba. Ni zan tuƙa, na kuma yarda."

Kanikawa duk sun bar abin da suke yi. Mai Janareto har ya fara hamdala da ƙarfi, shi da gaske yake, bawan Allah. Ina iya cewa ƙarya ce, a gaban kowa, in tona wa surukina asiri, Gwaggo ta ci gaba da zama, na hayin kogi su ci gaba da mutuwa.

Na rataye ta a allo. Ta rufe zanen daidai.

Litinin, 10 ga Maris

Sun tafi, sun dawo. An sauke masu rauni, wani yana ta kiran uwarsa, ƙato da shi. Kowa na murna, Kwamanda har ya dafa kafaɗata. Ni tun da Gwaggo ta ɗaga na kasa zama, na kasa tsayuwa, sai zagaya rumfa nake da wannan gwiwa.

Laraba, 12 ga Maris

Kullum sai ta yi sawu yanzu, hanya ba ta buɗe ba. Tsakanin sawu da sawu nakan ɗaga fallen ƙarfe ɗaya na daɓen in leƙa. Na ce musu duba wayoyin wutsiya nake.

Yau na koya wa sababbin ɗaure noti da waya. Mai faci ya tambaya ko dokar allo tana nan. Na ce tana nan daram.

Juma'a, 14 ga Maris

'Yata ta aiko mini da man zafi na gwiwa. Ta ce mijinta ya gaya mata yadda na tsaya kai da fata har aka gano abin, ta ce ta san babanta. Na ce layin ba kyau, zan kira ta.

Ban kira ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na gaya wa Kwamanda injin Gwaggo na hagu na wani ɗan kuka da ba a jin sa daga ƙasa, gara in riƙa bin su ina saurare. Ya ce a shekarunka, Saja? Na ce kunne ba ya tsufa. Ya amince.

Yau ne sawuna na farko. Na yi amai a bokiti, masu lodi suka yi ta dariya. Ban zauna kusa da inji ba, a ƙasa na zauna, tsakiyar daɓe, tafin hannuna a kan fallen ƙarfe. Da za mu sauka mijin 'yata ya waiwayo ta ƙofar matuƙa, muka haɗa ido, ya mayar da kai.

Mai Janareto na bar wa allo. Yanzu sau biyu yake dubawa, ya fi ni tsanani.

Injin hagu lafiyarsa lau. Gobe ma zan bi su, da jibi. In wani abu ya faru, sai dai a nemi wani ya je ya gaya wa 'yata, ba ni ba.