Tazarar da ke Tsakanin Bakin Baba da Wuta

Zuwa ga Yayana Arzika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a can wajen haƙar zinariya. Mu nan Filinge mun gode Allah. Gero ya shiga rumbu, Inna tana gaishe ka.

Ka yi haƙuri da na baza maganar gidanmu a inda kowa ke karantawa. Lambobin wayarka uku gare ni, babu wadda ke shiga. Duk wanda ya san inda Arzika yake, ɗan tsohon nan mai wasan wuta na Kurfai, don Allah ya karanta masa wannan kafin Juma'a ta sama. Ranar ce Baba zai yi feshin wuta a filin kokawar ƙauyenmu, ni kuwa ina tsoron ba zai fita filin nan da ƙafafunsa ba.

Ba sai na koya maka aikin ba, amma bari in tuna maka, ko ramin zinariya ya shafe maka shi. Mutanen ƙauye na cewa iskokin gidanmu ke riƙe masa wutar. 'Yan kasuwar Filinge na cewa tsafi ne, suna a'uziyya, suna kuma ture juna don su samu gaba. Baba bai taɓa musa wa kowa ba, har gobe yana yanka jan zakaransa kafin wasa. Mu dai da muka tashi a gidan mun ga ɗaya ɓangaren.

Ka tuna yadda yake sa ka cika baki da ruwa a bayan rumbu, ka matse leɓe ka fesa, irin yadda mai guga ke fesa wa riga ruwa? Ɗigo ɗaya ya sauka a haɓarka, sai ka sake. Ni ina zaune kan turmi ina ta yi maka dariya, kana harara ta da kumatu a kumbure. So yake feshin ya fita da laushi, ya yi nisa, sannan ya tarar da wutar da ke kan sanda. Kananzir kawai, ba a kusantar fetur. Ba a jan numfashi da mai a baki. Iska kuma kullum tana ƙeya. Har yau ina jin muryarsa: "Wuta ba ta hita bakin mutum, can gaba taka kamawa. Rad da tat taɓa leɓo, wasa ya ƙare."

Ƙirjinka bai karɓi kananzir ba, sai ya mai da kai mai tsayawa a bayansa. Jiƙaƙƙen tsumma a kafaɗa, ƙaiƙayi a aljihu. Shi da ya cika baki ya ɗaga kai sama ba ya ganin iska, kai ne idonsa. Ka saki ƙaiƙayin tsakanin yatsu ka ga inda ya nufa. In ka taɓa shi sau ɗaya, ya fesa. In ka damƙi kafaɗarsa, ya zubar.

Na san ba ka son a tuna maka da ranar kasuwar Baleyara, amma dole in taɓo ta. Ganga na tashi, jama'a sun yi da'ira, ya riga ya cika baki, sai ƙaiƙayin ya juyo ya watsu a fuskarka. Ka damƙe shi. Ya sunkuya ya zubar da man a ƙasa, aka fashe da dariya, wani ya yi ihu wai tsoho ya ji tsoro. Abin da ya faɗa maka a gida ba zan rubuta shi a nan ba. Bayan mako biyu ka ɗauki jakarka. Abu ɗaya nake so ka duba, Yaya: duk da kunyar, duk da dariyar, ya zubar. Shekara shida ke nan, bai bar kowa ya tsaya a bayansa ba.

Ba ka san abin da ƙanwarka ta zama ba. Ina da ɗan shagon hoto kusa da tasha, ina ɗaukar na katin shaida da na biki. A kan Baba na koyi ɗaukar wuta, kuma wallahi ta wahalar da ni. Farko ina kunna filasha, hoton ya fito fari fat, wutar ta mutu. Na kashe, sai ya fito baƙi ƙirin, ko fuskar ba a gani. Daga baya na gane ana saita kyamara a kan hasken wutar ne, ita za ta haska fuskar da kanta. A gefe ake tsayawa, ba a gaba ba. Kuma ba wutar ake jira ba, in ka gan ta ka makara. Kafaɗarsa nake kallo, tana motsawa in danne maɓalli in riƙe, hotuna su zubo a jere.

Ga laifina, in faɗa kafin wani ya faɗa maka. Hotunan nan su suka yawata shi a wayoyin mutane, gayyata ta ƙaru a lokacin da ya kamata ya zauna ya huta. Bara kuma, a wani suna, hoton ya lalace mini na ce masa ya ƙara feshi ɗaya. Ya ƙara. Ɗan mai ya sarƙe shi, ya yi wata guda yana tari da zazzaɓi, likita ya ce man ya taɓa huhu. Bai taɓa ce mini ni na jawo ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Abin da ya sa nake nemanka ido rufe ya faru ne watan jiya. Ina gyaran shago na ci karo da hotunansa da na wanke, sai na shimfiɗa tabarma na jera su shekara bayan shekara. Akwai abin da ido ba ya gani a fili, sai a hoto. Tsakanin leɓensa da inda wutar ke farawa akwai wani ɗan duhu, inda feshin ke tafiya bai kama ba tukuna. Na riƙa auna shi da hannunsa da ke cikin hoton.

A na farko, kamu guda ne cif. Bayan shekara biyu ya koma taƙi. Na bara, yatsu huɗu. Na ƙarshe, wanda na ɗauka bayan sallar layya, na kai shi bakin ƙofa na duba, na goge ido na sake dubawa. Yatsu biyu, Yaya. Har gashin gemunsa ya yi ja a gefe ɗaya. Jama'ar da ke bayansa a hoton duk baki buɗe suke, suna tafi.

Ba na buƙatar boka ya faɗa mini dalili. Haƙoransa biyu na gaba sun fita, feshin yana fita da nauyi, yana faɗowa kusa. Numfashin da ke tura shi ya ragu tun ciwon bara. Ga kuma halin rashin tsaro da ƙasa ke ciki, ka fi ni jin labari: yanzu taro ba ya kai magariba, kowa na son ya isa gida da rana. Da can sai iska ta kwanta yake fitowa. Yanzu da la'asar ake tura shi fili, lokacin da take juyi yadda ta ga dama. Shi ke sakin ƙaiƙayinsa da kansa kafin ya kurɓi mai, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Na ɗauki hotunan na shiga mota zuwa ƙauye. Na same shi gindin aduwa yana naɗa tsumma a sanda. Na jera masa su a kan buzunsa, na nuna masa da yatsa. Ya daɗe yana kallo. Na ce a raina alhamdu lillahi, ya gani. Sai ya yi murmushi, irin wanda yake yi idan jika ya fara tafiya, ya ce: "Ɗiyata, kin gani? Shekara arba'in ina kiranta, sai yanzu tam matso." Na tattara hotunana.

Na ce to, ni zan tsaya masa a baya ran Juma'ar, in ajiye kyamara in ɗauki tsumma. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce wurin na da mai shi. Na je wa Inna da kuka, ta ce ita bakinta ya gaji tun ba a haife ni ba. Amma na ga ta ciro tsohon tsumman nan naka daga ƙasan adaka, ta wanke ta shanya.

Haba Yaya, shekara shida ba ta isa fushi ba? Na san ya ɓata maka. Na san kai ma taurin kai gare ka, a wurinsa ka gado, kada ka musa mini. Amma ni ƙanwarka na gaji da zama ina auna ran ubana da yatsu. Ina kewarka, kuma tsoro nake ji.

Shekaranjiya da hantsi ina shago sai na ga mutum tsaye a ƙofa cikin farar riga. Baba ne. Tun asuba ya biyo amalanken maƙwabci ya shigo gari. Ya yi aski, ya rage gemu, har turare ya shafa. Ya wuce ya zauna a kan kujerar da nake zaunar da masu hoton katin shaida, ya gyara hula, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ya ce in ɗauke shi haka, ba wuta, ba sanda. Hotunansa sun fi ƙarfin ƙirga a wurina, amma sai ranar na lura babu ko ɗaya da bakinsa ke rufe yana kallona.

Na ɗauka. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo: "Ki wanke biyu. Guda na uwarku, guda ki aje ma Arzika." Rabon da in ji sunanka a bakinsa tun ranar da ka tafi.

Ashe ya gani, Yaya. Ya ga abin da na nuna masa sarai, ya kuma san ma'anarsa fiye da ni. Zai shiga filin nan duk da haka, don ba zai bari a sake cewa ya ji tsoro ba, sai fa in hannunka ne ya damƙe shi.

Na wanke hoton, na sa a ambulan, na rubuta sunanka. Jiya na aika masa da shi ƙauye, na ce ba ni zan ajiye ba. In kana so, ka zo ka karɓa daga hannunsa.

Allah ya sa wannan takarda ta riske ka da sauran lokaci. Allah ya tsare maka hanya, ya sanyaya zuciyarka da tasa, ya ara mana tsohon nan ko da 'yan shekaru ne. Amin.

Taka har kullum,
ƙanwarka Rabi,
daga Filinge.